Villarreal: Garin Lemo da Tayil da Ya Hana Manyan Turai Barci

Duk mai bin ƙwallon Turai ya san inda yake a yammacin Lahadi, 13 ga Mayun 2012. Ranar ce Sergio Aguero ya ci wa Manchester City ƙwallon da ta ba ta kofin Firimiya ana gab da busa tashi, gidajen kallo suka kaure da ihu, aka kwana ana musu. Bayan 'yan sa'o'i, a wani ƙaramin gari da ke gabashin Sifaniya, an buga wani wasan da shi ma sai a mintunan ƙarshe aka raba gardama, sai dai ba kowa ya tsaya kallonsa ba. Villarreal ce ta karɓi baƙuncin Atletico Madrid a wasan rufe kaka, kuma canjaras kawai take nema ta tsira a La Liga. Saura minti biyu a tashi, Radamel Falcao ya zura mata ƙwallo. Ko a hakan da sauran numfashi, muddin Rayo Vallecano ba ta ci Granada a can Madrid ba. Cikin ɗan lokacin da alƙalin wasa ya ƙara, Raul Tamudo ya ci wa Rayo. Shi ke nan, Villarreal ta faɗa rukuni na biyu.

Ƙungiyar da ta fara wannan kaka a gasar Zakarun Turai ce, wadda ta ƙare ta huɗu a shekarar da ta gabata. Faɗuwar ba ta tsaya a kanta ita kaɗai ba. Ƙaramar ƙungiyarta ta matasa tana rukuni na biyun, ta kuma tara makin da zai riƙe ta, amma doka ta hana uwa da 'ya zama a rukuni ɗaya, dole aka tura yaran ƙasa ba da laifinsu ba. A farkon Yuni aka sanar da ɗaukar Manolo Preciado, kocin da jama'ar Sifaniya ke ƙauna, don ya dawo da ita. Bai kai ga zama gaban 'yan jarida a matsayin kocinta ba, ciwon zuciya ya yi ajalinsa yana da shekara 54.

A irin wannan gaɓa ce labarin ƙananan ƙungiyoyin da attajiri ya ɗaga yake ƙarewa. An ga Anzhi Makhachkala ta Rasha, wadda ta ɗauko Samuel Eto'o da albashin da ya girgiza duniya a 2011, mai ita ya janye hannu bayan shekara biyu, ta watse. An ga Malaga, wadda wani attajirin Qatar ya saya a 2010, ta kai zagayen 'yan takwas a gasar Zakarun Turai, daga baya ta gangara har rukuni na uku. Villarreal ba ta bi sahunsu ba, kuma a ganina abin da ya faru a watanni goma sha uku bayan wancan dare ya fi kofin da ta ɗauka daga baya bayyana ko wace ce ita.

Garin da filin wasansa ke ɗaukar kusan rabin mutanensa

Sunan garin Vila-real a harshen mutanen yankin, yana lardin Castellon, kimanin kilomita 60 arewa da birnin Valencia. Mutanensa sun ɗan haura 50,000. Filin wasan ƙungiyar kuwa yana ɗaukar 'yan kallo wajen 23,000, wato da za a ce 'yan garin kaɗai za su cika shi, sai kusan kowane gida ya fito da rabin mutanensa. Filin ba a bayan gari yake ba. A tsakiyar unguwa yake, gidajen jama'a na jingine da shi, tituna ƙanana, ranar wasa mutum ya sauko daga bene da gyalensa mai ruwan ɗorawa a wuya, ya taka da ƙafa ya shiga.

Sarki Jaime na Ɗaya na Aragon ne ya kafa garin a 1274, a kan ƙasar da ya yanko daga Burriana, birnin da ya ƙwace daga hannun Musulmin Andalus a 1233. Ruwan kogin Mijares da magudanan ban-ruwa su suka raya wurin, har ya zama ƙasar lemo, gonaki iya ganin ido. Lemon ya ciyar da garin tsawon zamani, sai sanyin ƙanƙara ya riƙa ƙone itatuwa, musamman na 1956, masu ɗan jari suka juya ga yumɓu. A yau lardin Castellon ne ke yin fiye da kashi 90 cikin 100 na tayil ɗin da Sifaniya ke samarwa, kuma babban kamfanin nan Porcelanosa a Vila-real hedikwatarsa take. Wani abin da garin ya bai wa duniya kuwa kowa ya taɓa jin sa ba tare da ya san asalinsa ba: ƙarar nan da wayar Nokia ke yi idan an kira, daga wani kiɗan jita aka ciro ta na Francisco Tarrega, wanda aka haifa a nan a 1852.

An kafa ƙungiyar ranar 10 ga Maris, 1923, wani mai kantin magani, Jose Calduch, ya zama shugabanta na farko, aka buɗe filin a watan Yunin shekarar. Shekaru saba'in da suka biyo baya ba su da wani dogon labari. Yaƙin basasar Sifaniya na 1936 zuwa 1939 ya tsayar da komai, sai a shekarun 1940 matasa suka sake tayar da ita. Farar riga da baƙin wando take sawa a da. A 1947 aka aiki ɗan shugaban ƙungiya Valencia ya sayo sababbin riguna, ya tarar farare sun ƙare a shagon, sai masu ruwan ɗorawa, ya kwaso su. Launin da ake gane ta da shi a duk duniya ke nan. Laƙabin nan nata na jirgin ƙarƙashin teku mai ruwan ɗorawa kuma a ƙarshen shekarun 1960 ya samo asali, lokacin da matasan da ke tsayawa bayan raga suka riƙa kunna wata waƙar Beatles da ke maganar irin wannan jirgi.

Ta leƙa rukuni na biyu a 1970, ta yi kaka biyu ta koma inda ta fito. Sai a 1992 ta sake hawa, a ƙarƙashin shugabancin Pascual Font de Mora. A wancan zamani, ɗan Vila-real da ke son ganin babbar ƙwallo Valencia yake goya wa baya, ko maƙwabciyarsu Castellon, wadda ta taɓa buga wasan ƙarshe na kofin ƙasa a 1973 kuma take kallon Villarreal a matsayin ƙungiyar ƙauye.

Zuwan mai tayil

A 1997 Font de Mora, wanda shekaru da rashin lafiya suka cim masa, ya nemi wanda zai miƙa wa ragama. Jose Manuel Llaneza, mutumin da ke tafiyar da harkokin ƙungiyar na yau da kullum, shi ya jawo Fernando Roig, mai kamfanin tayil na Pamesa. Gidan Roig gidan kuɗi ne a Valencia: ƙanensa Juan shi ne shugaban Mercadona, kamfanin manyan kantunan da ya fi kowanne girma a Sifaniya, wansa Francisco kuwa a lokacin shi ne shugaban ƙungiyar Valencia. Kuɗin da Fernando ya biya ya mallaki mafi yawan hannun jarin Villarreal bai kai Yuro rabin miliyan ba, abin da wasu 'yan wasa ke karɓa a mako guda a yau. Ya ce zai kai ta La Liga cikin 'yan shekaru, mutane suka ɗauka cika baki ne irin na masu kuɗi.

Shekara guda ta ɗauka. A Mayun 1998 ta fitar da Compostela a wasan neman gurbi, babu ci a gida, kunnen doki 1-1 a waje, ƙwallon waje ta haye da ita. Wasanta na farko a La Liga a Santiago Bernabeu ta buga shi, har ta riga Real Madrid zura ƙwallo ta ƙafar Gheorghe Craioveanu ɗan Romaniya, kafin a rama mata da huɗu. Ta faɗi a ƙarshen kakar, ta dawo a 2000.

Abin lura shi ne inda Roig ya fara zuba kuɗi. Tun ƙungiyar ba ta tsaya da ƙafafunta ba ya sayi gonakin lemo a gefen gari, a Miralcamp, ya gina filayen atisaye da makwancin yara. Ya riƙa rushe ɓangarorin tsohon filin El Madrigal ɗaya bayan ɗaya yana sake gina su. Ba wanda ke tafa wa mutum don ya shimfiɗa ciyawa ko ya gina ɗakin kwanan 'yan shekara goma sha huɗu, amma waɗannan su ne dukiyar da ba ta neman canjin ƙungiya idan kaka ta ƙare.

Taurarin ma sun zo, yawancinsu daga Kudancin Amurka, kuma yawancinsu mutanen da wata babbar ƙungiya ta gaji da su. Martin Palermo ya zo daga Boca Juniors a 2001, sai dai ƙaddara ta riga fata: ya ci ƙwallo a wani wasan kofi da Levante, ya ruga wurin magoya baya, katangar da suka jingina da ita ta rufto masa a ƙafa ta karya shi. A 2003 Barcelona, wadda ta sayo Ronaldinho ta rasa inda za ta sa Juan Roman Riquelme, ta ba da shi aro. A 2004 Diego Forlan ya zo daga Manchester United, inda ya sha ba'a saboda ƙamfar ƙwallaye. A wannan shekarar kuma aka ɗauko Manuel Pellegrini, ɗan Chile, injiniyan gine-gine da ya koma koci.

Wanda bai ga Riquelme a rigar Villarreal ba ya yi asarar kallo. Ba ya gudu. Yakan taka ƙwallo da tafin ƙafa, ya juya wa mai tsaronsa baya, ya jira, har sai ka ce ya manta ana wasa, sannan ya zura ta ta wata kafar da babu wanda ya gani sai shi. Pellegrini ya gina ƙungiyar a kewayensa: Marcos Senna yana share masa fage a tsakiya, Juan Pablo Sorin da Rodolfo Arruabarrena suna hawa da sauka, Forlan yana jiran saƙo a gaba. A kakar 2004 zuwa 2005 suka ƙare na uku, Forlan ya ci ƙwallo 25, ya zama wanda ya fi kowa ci a Sifaniya, ya raba takalmin zinaren Turai da Thierry Henry.

Sai gasar Zakarun Turai, karon farko. Sun fitar da Everton a share fage. Sun jagoranci rukunin da Manchester United ta ƙare a ƙarshensa, kuma a El Madrigal ne aka kori Wayne Rooney saboda ya tafa wa alƙalin wasa a fuska. Sun wuce Rangers, sun wuce Inter Milan da ƙwallon da Arruabarrena ya ci da ka. A wasan kusa da na ƙarshe Arsenal ta ci su 1-0 a Highbury, Kolo Toure ne ya ci. Ranar 25 ga Afrilun 2006 aka dawo Vila-real. Villarreal ta danne Arsenal tun daga farko, Guillermo Franco ya ɓarar da damar da ta isa ta kashe wasa, har aka shiga minti na 89, alƙali ya ce Gael Clichy ya ture Jose Mari, ya nuna fenariti. Riquelme ya ɗauki ƙwallon, ya sumbace ta, ya ajiye. Kyamara ta tsaya a kan fuskarsa, kuma duk wanda ya kalli wannan fuska ya ga mutumin da nauyin gari guda ya sauka a kafaɗarsa. Ya buga, Jens Lehmann ya faɗa hagunsa ya tare. Magoya bayan Arsenal a Kano da Zinder sun yi ta murna a daren, kuma suna da gaskiya, amma ƙungiyar da ta fi wasa ce ta tafi gida.

Abin da ya biyo baya ya fi fenaritin muhimmanci. Kafin shekara ta zagayo, Riquelme da Pellegrini sun saɓa a kan horo da irin gatan da tauraron ya saba samu. Ƙungiya ƙarama, ɗan wasa mafi girma a tarihinta, magoya baya na ƙaunarsa: hanya mai sauƙi ita ce a sallami koci. Roig ya tsaya bayan kocinsa. Aka ajiye Riquelme a benci, a farkon 2007 aka mayar da shi Boca Juniors. Mutane da yawa sun ce an kashe kazar da ke yin ƙwai. A kakar 2007 zuwa 2008, ba Riquelme, ba Forlan, Villarreal ta ƙare ta biyu a La Liga da maki 77, a bayan Real Madrid, a gaban Barcelona. A bazarar nan Sifaniya ta ɗauki kofin Turai da 'yan Villarreal uku a tawagarta: Senna, Joan Capdevila da Santi Cazorla.

Shekarar da aka gane masu gida

Faɗuwar 2012 tana da dalilanta. Ƙungiyar ta saba da kuɗin gasar Turai, albashi ya kumbura, tattalin arzikin Sifaniya ya durƙushe, gine-gine sun tsaya, kuma idan gini ya tsaya mai tayil ne ke fara ji a jikinsa. An sayar da Cazorla ga Malaga a 2011 don a cike giɓi. Giuseppe Rossi, wanda ya fi kowa ci musu ƙwallo, ya tsinke jijiyar gwiwa a watan Oktoba. Sun sha kashi a duka wasanni shida na rukuninsu a gasar Zakarun Turai, sun canza koci har sau biyu a kaka ɗaya, abin da ba halinsu ba ne.

Roig bai nemi mai saye ba. Ya sayar da wani ɓangare na hannun jarinsa a Mercadona, dukiyar gidansu, ya zuba a ƙungiyar don ta biya bashi. Aka rage kashe kuɗi sosai, masu manyan albashi suka tafi: Borja Valero da Gonzalo Rodriguez zuwa Fiorentina, Nilmar zuwa Qatar, gola Diego Lopez zuwa Sevilla. Amma ba a taɓa makarantar yara ba. Wasu kuma sun zauna. Senna, zakaran Turai mai shekara 36, ya yarda ya buga rukuni na biyu. Bruno Soriano ya zauna, ga shi manyan ƙungiyoyi na zawarcinsa. Bruno ɗan Artana ne, wani ƙauye a cikin duwatsun da ke kusa. Yana matashi ya taɓa barin makarantar ƙungiyar saboda kewar gida, ya koma aikin ƙarfi yana buga wa ƙungiyar ƙauyensu, sai daga baya aka lallaso shi ya dawo. Shi ya zama kyaftin.

A Janairun 2013, da aka ga tafiyar ba ta sauri, aka ɗauko koci Marcelino Garcia Toral. Wanda ya fi ci musu ƙwallo a wannan kaka ɗan Najeriya ne, Ikechukwu Uche na Aba, da ƙwallo 14, a shekarar da ya ɗauki kofin Afirka da Super Eagles. A wasan ƙarshe, cikin watan Yuni, suka ci Almeria 1-0 a gida suka koma La Liga. Kakar da ta biyo baya suka ƙare na shida, suka koma gasar Turai.

Tun daga nan tsarin ya fito fili, kuma ba ɓoyayye ba ne: a rena yaro ko a sayo shi da araha, a ba shi fili ya buga, idan mai kuɗi ya zo a sayar, a mayar da kuɗin cikin gida. Eric Bailly ɗan Kwaddibuwa ya yi shekara ɗaya da rabi, Manchester United ta saye shi a 2016 da kuɗin da ya ninka abin da aka biya sau da yawa. Cedric Bakambu ya tafi China a 2018. Rodri, wanda makarantar Atletico ta sallama yana yaro, a Miralcamp ya ƙarasa girma, Atletico ta dawo ta saye shi da miliyoyi, a 2024 ya zama gwarzon ɗan wasan duniya. Nicolas Jackson ya tafi Chelsea a 2023. Magoya baya ba sa jin daɗin rabuwa da yaransu duk bazara, amma sun ga abin da rayuwa fiye da ƙarfi ta jawo musu sau ɗaya, ba sa son a maimaita.

Abu ɗaya ya rage musu, shi ne kofi. Sau huɗu suna zuwa wasan kusa da na ƙarshe a Turai ana mayar da su: Valencia a 2004, Arsenal a 2006, Porto a 2011, Liverpool a 2016. A 2020 aka ɗauko Unai Emery, wanda Arsenal ta kora, mutumin da ya ɗauki kofin Europa sau uku a jere da Sevilla. A wasan kusa da na ƙarshe sai ga Arsenal ɗin, suka fitar da ita.

Ranar 26 ga Mayun 2021, a birnin Gdansk na Poland, suka haɗu da Manchester United. Gerard Moreno ya fara ci, Edinson Cavani ya farke, aka yi ƙarin lokaci ba a rabu ba, aka tafi bugun fenariti. Biyar-biyar, kowa ya ci. Aka ci gaba ɗaya bayan ɗaya, masu tsaron baya da ba su saba ba suna fitowa, kowa na ci. Na goma a layin Villarreal shi ne Pau Torres, haifaffen Vila-real, wanda ya shiga ƙungiyar tun yana ɗan yaro, yana cikin yaran garin da suka yi kukan fenaritin Riquelme. Ya ci. Da 'yan fili suka ƙare sai masu tsaron raga. Geronimo Rulli ya buga wa David de Gea ya ci, ya koma cikin raga ya tare na De Gea. 11 da 10. Babban kofi na farko cikin shekara 98.

Fernando Roig bai ga wannan da idonsa a filin ba. Ya kamu da korona kafin wasan, ya warke, ya bi tawaga har Poland, amma ƙa'idojin hukumar ƙwallon Turai suka hana shi shiga cikin 'yan wasansa. Ya juyo gida, ya kalla a talabijin kamar kowa, bayan shekara 24 yana jiran ranar.

Samuel Chukwueze ma bai buga ba, rauni ya samu a wasan Arsenal. Yaron ya zo Villarreal a 2017 daga wata makarantar ƙwallo a Najeriya, bayan ya ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile a 2015 tare da Victor Osimhen. Rabonsa na gaba. A kakar da ta biyo baya Villarreal ta je Turin ta ci Juventus 3-0, sannan aka haɗa ta da Bayern Munich. A wasan farko Arnaut Danjuma, haifaffen Legas da ke buga wa Holan, ya ci ƙwallo ɗaya tilo. A Munich, Robert Lewandowski ya farke, Bayern ta tare a gidan Villarreal, kowa na jiran ta biyu. Minti na 88, Dani Parejo ya fito da ƙwallo daga matsi, ta bi ta ƙafar Giovani Lo Celso zuwa Gerard Moreno, shi kuma ya shimfiɗa ta gaban Chukwueze da bai daɗe da shigowa ba. Da ƙafar hagu ya ɗaga ta saman Manuel Neuer. Ƙwallaye biyun da suka fitar da zakarun Jamus, duka 'ya'yan da aka haifa a Najeriya ne suka ci su. Liverpool ce ta tsayar da su a zagaye na gaba, bayan sun farke ƙwallo biyun da ake bin su kafin hutun rabin lokaci, ƙarfinsu ya ƙare bayan an dawo daga hutun. Chukwueze ya ƙara cin Real Madrid biyu a Bernabeu a Afrilun 2023, kafin a sayar da shi ga AC Milan.

Abin da ba a cika faɗa ba

Masu sharhi na son kiran wannan labari abin al'ajabi, ƙaramin gari da ya kayar da ƙattai da zuciya kawai. Ban yarda da wannan ba, don yana rage wa gaskiya daraja. Villarreal ƙungiyar attajiri ce, ɗaya daga cikin manyan masu kuɗin Sifaniya. Ba don aljihunsa ba, da tana nan inda maƙwabtanta suke. Kuɗin gwamnati ma ya taɓa shiga: shekaru da dama rigarta na ɗauke da tallar filin jirgin saman Castellon, wanda aka yi bikin buɗewa a 2011 amma jiragen fasinja ba su fara sauka a kai a kai ba sai 2015, aikin da ya zama abin misali na almubazzaranci a ƙasar. Bambancin Roig da sauran masu kuɗi shi ne ya zauna, ya bar masu aikin su yi aikinsu, kuma ya san mutanen da yake zaune a cikinsu. A 2009, lokacin da masana'antu ke sallamar ma'aikata, ƙungiyar ta sabunta wa magoya bayanta da suka rasa aiki tikitin kaka kyauta. Llaneza ya yi kusan shekara talatin a ƙungiyar har rasuwarsa a 2022. Wanda ya saba ganin ƙungiyoyin gwamnatocin jihohi a Najeriya, inda sabon gwamna ke zuwa da sabon shugaban ƙungiya, zai gane darajar a ce mutum ɗaya ya riƙe aiki ɗaya tsawon wannan lokaci.

Amma dogaro da gida ɗaya da sana'a ɗaya yana da haɗarinsa. A 2017 aka sauya wa El Madrigal suna zuwa Estadio de la Ceramica, aka lulluɓe bangonsa da tayil mai ruwan ɗorawa, kamfanonin yankin suna biyan kuɗin talla. Murhun gasa tayil da iskar gas yake aiki dare da rana, kuma wani kaso mai yawa na farin yumɓun daga Yukren ake kawo shi. Da yaƙi ya ɓarke a 2022, farashin gas ya yi tashin gwauron zabo, yumɓu ya yanke, masana'antu suka rage aiki. A shekarar ce kuma ƙungiyar ta kashe miliyoyi ta rufe filin da rumfa, ta yi watanni tana karɓar baƙi a filin Levante da ke Valencia. An haifi Roig a 1947. Ɗansa, Fernando Roig Negueroles, shi ke tafiyar da harkokin yau da kullum, kuma a hannunsa za a ga ko haƙurin uban gado ne.

Gwajin farko ya riga ya zo. Marcelino ya dawo a ƙarshen 2023, ya kai su na biyar a 2025, suka koma gasar Zakarun Turai. A wannan shekarar hukumar La Liga ta shirya kai wasan lig na farko zuwa wajen ƙasar, aka zaɓi wasan da Villarreal za ta karɓi Barcelona a watan Disamba, a buga shi a Miami ta Amurka. Shugabannin ƙungiyar suka amince, suka ce dama ce ta tallata suna da samun kuɗin da za a riƙa gogayya da manya, suka yi wa masu tikitin kaka alkawarin kai su kyauta. Hujjar ba ta banza ba ce, gari mai mutum 50,000 ba zai taɓa tara abin da Madrid ke tarawa a ƙofar fili ba. Duk da haka ina ganin kuskure ne. Tsohon da ya riƙe kujerarsa a shekarar rukuni na biyu, ya zo kallon wasa da ƙananan ƙungiyoyi cikin sanyi, shi ya fi kowa cancantar ganin Barcelona a ƙofar gidansa, ba a ce masa ya nemi biza ba. 'Yan wasan La Liga sun nuna ƙin amincewa, suka riƙa tsayawa cik na 'yan daƙiƙoƙi a farkon wasanni, ƙungiyoyin magoya baya suka yi ca, Real Madrid ta kai ƙara. A watan Oktoba aka soke shirin. Sanarwar ta fito ne a daidai lokacin da Villarreal ke tsakiyar wasa da Manchester City a gida, shugabanninta suka gani a waya suna zaune a kujerunsu, suka fito da sanarwa mai zafi suna zargin La Liga da rashin girmama su. Wasan Barcelona ya dawo Vila-real.